A ba mutanen karkara aikin sa ido kan cututtukan bishiyoyinmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai albarka mu taɓo wani gefe na harkar dazuzzuka da ba a cika maganarsa ba. Duk shekara, da ruwa ya zauna, ana fita dashen bishiyoyi. A nan Gombe tun 2019 shirin Gombe Goes Green ya sa wa kansa burin dasa miliyan ɗaya a kowace shekara, kuma Gombe da Bauchi suna cikin jihohi 11 da shirin katangar bishiyoyi ta Afirka ya ratsa. Wannan abin a yaba ne. Sai dai lissafinmu yakan tsaya ne a ranar dashe. Bishiyar da ta kama, da tsohuwar da muka gada, in ciwo ya shige su a tsaye suke jinya, kuma sau da yawa ba a farga sai ranar da mai gawayi ya zo taya kututturen.

Malaman daji ba za su iya wannan gadi su kaɗai ba, ko da an ninka yawansu. A dubi faɗin dajin Wawa-Zange, ko Lame-Burra, ko Yankari mai murabba'in kilomita 2,244. Ko ƙaramin gandu irin na Kanawa a Yamaltu Deba ya fi ƙarfin idon mutum biyu. Amma akwai waɗanda kullum suna ciki: makiyayi, maharbi, mai ɗaura amya, matan da ke sammakon tsintar kaɗe, mai sassaƙa turmi, mai neman sassaƙen magani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makiyayin da ya shekara goma yana hutawa a gindin maɗaci ɗaya zai riga kowane masani gane cewa inuwarta ta fara yin ɓula-ɓula. Abin da ya rasa shi ne tsarin da zai mayar da ganinsa rubutaccen bayani, da kuma wanda zai kai wa.

Wasu ƙasashen sun gwada, kuma ta biya su. A 1996 wani mazaunin unguwa ne a birnin New York, ba ma'aikacin gwamnati ba, ya fara lura da ramukan wani ƙwaro mai dogon ƙaho da ya shigo Amurka daga Asiya. A Birtaniya, bayan da aka tabbatar da cutar da ke busar da bishiyar da suke kira ash a 2012, an kafa shirin Observatree, wanda ke horar da masu aikin sa-kai su riƙa zagaya bishiyoyi suna aika rahoto. Afirka ta Kudu ta gano wani ɗan mitsitsin ƙwaro a 2017 a Pietermaritzburg, tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, yana huda bishiya ya shigar mata da funfunar da ke toshe hanyoyin ruwanta, kuma hotunan da jama'a suka riƙa ɗorawa a manhajar iNaturalist sun taimaka wajen bin sawunsa gari-gari. Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya far wa dogonyaro a yankin Tafkin Chadi, a farkon shekarun 1990 kuma aka ga dogonyaro na zubar da tsofaffin ganye a Nijar da arewacin Najeriya, sai 'yan tuntaye a ƙarshen rassa. Masu bincike ba su kama ƙwayar cuta guda ba, da yawansu suka jingina abin ga fari da taurin ƙasa. Da akwai tarihin bishiyoyin a rubuce tun kafin su fara ciwo, da muhawarar ba ta yi tsawo haka ba.

Wannan tarihin shi ne zuciyar aikin. Mutum ya ga busasshiyar bishiya a bakin hanya ya ɗauki hoto ya tura, yana da amfani, amma kaɗan. Abin da masani ke nema shi ne a koma wa bishiya ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, da ma'auni ɗaya. Don haka kowane mai sa-kai a ba shi bishiyoyi 20 kacal. Kada ya zaɓa da ido, domin ido marar lafiya yake bi, sai rahoto ya fito kamar dajin duk ya mutu. Ya tsaya a wata alama da ba ta gusawa, kamar dutse ko rijiya ko turken iyakar gandu, ya fuskanci gabas ko arewa, ya yi tafiyar mita 25, wajen taku 30 zuwa 35 na babban mutum, ya ɗauki bishiyar da ta fi kusa da shi, lafiyayya ce ko majinyaciya. Haka zai yi ta yi har 20, tafiyar rabin kilomita ke nan. Kowace ya rubuta mata lamba da fenti mai mai a gefen da ba ya kallon hanya. Kada a buga ƙusa, kada a sare ɓawo don yin shaida, ƙofa ce ake buɗe wa cuta. Fenti yana dusashewa da rana, ɓawon bishiyar turare kuma yana saɓulewa da lambar gaba ɗaya, saboda haka a sabunta duk shekara.

A ziyarar farko za a rubuta sunan bishiyar da harshen da mutum ya sani, da kewayen jikinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirji. Tef ɗin tela ya isa ga ƙanana, ga manya kuma a zagaya da igiya a auna igiyar. Wanda zai tattara bayanai shi zai raba da 3.14 ya sami kauri: kewayen santimita 94 kaurin santimita 30 ne. Sai lambobin wuri na GPS. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne gaggawa, a buɗe waya a kwafe lambar farko da ta fito, alhali tana iya kauce wa wurin da mita ɗari. A tsaya a sarari minti ɗaya ko biyu har wayar ta nuna kuskurenta ya sauko ƙasa da mita 10. GPS ba ya bukatar sabis, kuma manhajoji irin su KoboCollect da ODK Collect suna ajiye fom a waya sai an shigo gari su tura.

Daga nan sai makin ganye. A ja baya kamar tsawon bishiyar, a sa rana a bayan ƙeya, a duba yawan sararin sama da ake hangowa ta cikin rassan. Cikakken ganye sifili ne. In abin da ya zube bai kai rubu'i ba, 1. Daga rubu'i zuwa rabi, 2. Fiye da rabi, 3. Matacciya, 4. Kafin a rubuta 4 a kankare ƙaramin reshe da farce: in ƙarƙashin ɓawon kore ne mai danshi, da ranta. Ziyara huɗu a shekara ta wadatar: Yuni bayan toho ya cika, Agusta a tsakiyar damina, Nuwamba bayan kaka, sai Maris da bazara ta kunno kai. Kuma a turo rahoto ko da duka 20 lafiya lau suke. Mutane suna ganin ɓata data ne, alhali sifilin nan shi ke nuna iyakar inda cuta ta tsaya da watan da ta tsallako.

Inda horo ya kamata ya fi daɗewa shi ne abubuwan da ke kama da cuta amma ba ita ba ne, domin su ne za su cika akwatin rahoto. Gawo da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, da rani ya yi kore shar. Ɗalibin da ya taso a birni zai ba shi maki 4 a watan Agusta. Kuka kuwa akasin haka take. Kaɗanya da ɗorawa sukan kakkaɓe ganye na ɗan lokaci da rani, gab da fure. Haka nan akwai tsutsar da ke cinye ganyen kaɗanya ƙarƙaf da damina, har ka ji kashinta na zuba kamar yayyafi, amma yawanci bishiyar tana sake toho. A rubuta, kada a tayar da hankali. Gobarar daji tana barin tabo a gefe guda na gindi, baƙi, mai faɗi a ƙasa da tsini a sama. Maɗaci da kawo da madobiya da aka datse wa rassa don shanu za ka ga sarar barandami a bakin reshen, a tsabtace, ba ruɓa ba. Wadda aka zagaye ɓawonta da sassaƙa yunwa ce za ta kashe ta, domin abincin da ganye ya sarrafa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. A gefen gonaki maganin kashe ciyawa da iska ta kwaso yana murɗe sabon toho ya mayar da shi rawaya, kuma alamarsa ita ce gefen da ke kallon gonar kaɗai yake taɓawa, ya haɗa da ciyawa da kowane irin tsiro. A kewayen Yankari giwa ma tana ɓare ɓawo.

Ga ƙa'idar da ta fi taimakawa: in iri daban-daban suka lalace tare, a lokaci guda, a wuri guda, a fara zargin wuta, fari, kwanciyar ruwa ko magani. In kuwa iri ɗaya ne ke ciwo, maƙwabtansa na wasu irin suna lafiya, kuma abin yana tafiya daga wannan zuwa waccan, to a nan ake zargin cuta ko ƙwaro. Ita ma gara mai cin itace a yi mata adalci. A kan ƙananan dashe, musamman turare, takan kashe da kanta. A kan babbar bishiya kuwa sau da yawa ta tarar da mataccen itace ne, don haka a kankare ginin nata a duba abin da ya riga ta zuwa.

Abubuwan da ake so ido ya saba da su a yankinmu ba su da yawa. Na farko kauci. Kowa ya san shi, shi ya sa ake raina shi. Tsuntsu ke cin 'ya'yansa ya goge irin mai danƙo a reshe, ya tsiro ya kafa bakinsa cikin itacen yana shan ruwan bishiyar. Wurin ya kumbura kamar gwiwa, abin da ke gaba da kumburin ya bushe. Kaɗanya da ɗorawa sun fi shan wahalarsa, kuma matan da ke soya man kaɗe da masu daddawa su ne ke biyan kuɗin. A ƙirga tuntayensa a kowace bishiya a rubuta. Ya fi ƙirguwa lokacin da bishiyar ta zubar da ganye, shi kuma yana nan kore. Fizge shi ba ya magani, sai an yanke reshen aƙalla santimita 30 a bayan kumburin, kuma wannan aikin mai bishiya ne ko malamin daji, ba na mai rahoto ba.

Na biyu shi ne naman kaza mai tauri da ke fitowa a gindi kamar rabin faranti, samansa ja-ja mai ƙyalli kamar an shafa masa mai, bakinsa fari, wani lokaci da ƙura ruwan ƙasa a kewayensa. Wannan shaida ce cewa saiwa ta daɗe tana ruɓewa a ɓoye, kuma ruɓar tana bin saiwa zuwa saiwa, shi ya sa a layin dogonyaro za ka ga uku ko huɗu a jere sun kwanta ɗaya bayan ɗaya. Cire farantin ba ya warkar da komai. In bishiyar tana kan makaranta, masallaci ko kasuwa, rahoton na gaggawa ne, domin guguwar farkon damina ba ta bukatar ƙarfi sosai kafin ta kayar da ita.

Sauran a taƙaice: a juya ganyen dogonyaro a duba ƙananan ɗigo masu zagaye, rawaya-rawaya, da ke ɓamɓaruwa da farce, su ne ƙwaron nan mai manne wa ganye. A ƙananan maɗaci a duba kan toho, in ya lanƙwashe ya bushe, ga ƙaro da garin itace a bakin rami, tsutsa ce a ciki, ita ke sa bishiyar ta yi rassa biyu ko uku maimakon miƙaƙƙen jiki na katako. A turare a duba ƙuraje a jijiyar ganye da wuyansa. Baƙin da ke rufe ganyen mangwaro kamar hayaƙin fitila, in ya goge da yatsa, funfuna ce da ke cin zaƙin da darɓa da danginta suka zubar, sai a nemi ƙwaron a ganyen da ke sama. Abin da ba ya jiran ranar ziyara kuwa shi ne bishiyoyi uku ko fiye, iri ɗaya, maƙwabtan juna, su yi yaushi cikin wata guda, ko ramuka ƙanana kamar bakin biro masu fitar da gari a jikin ɗanyar bishiya, ko baƙin ruwa mai tsiyaya daga ɓawon da ba a sara ba.

Hoto huɗu ake so: bishiyar gaba ɗayanta, gindinta har inda ya haɗu da ƙasa, wurin ciwon daga kusa da tsinken ashana ko biro a gefe don a gane girma, sai bayan ganye. WhatsApp yana matse hoto ya goge bayanan wurin da ke cikinsa, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Wanda ba shi da babbar waya ba a bar shi a baya ba. Takarda mai zanen bishiya biyar, daga cikakkiya zuwa matacciya, ya yi wa ɗaya alama, ko ya rubuta da ajami, ko ya yi bayani da baki da Hausa, Fulatanci, Tangale, Tera ko Waja, wani ɗalibin garin ya shigar masa. Haɗa dattijo da ya san daji da matashi mai waya shi ne tsarin da muka fi amincewa da shi.

Samfuri ba a ɗebo shi sai masani ya nema. In ya nema, kada a kawo busasshen reshe, domin wasu funfunonin sun riga sun mamaye shi sun ɓoye mai laifin. A yanko santimita 15 zuwa 20 daga daidai inda mataccen wuri ya haɗu da mai rai, can cutar take aiki. Ganye biyar zuwa goma, daga wanda ya fara zuwa wanda ya yi nisa, a jera a tsakanin busasshiyar jarida a sa a ambulan. Ledar da aka ƙulle a zafin Gombe tana gumi, kafin gobe komai ya dafe ya yi wari. Ƙwaro a sa shi a ƙaramar kwalba da sifirit, a rubuta lambar bishiya da kwanan wata da fensir, don tawadar biro tana narkewa. A yi ƙoƙari ya isa cikin kwana biyu. Wuƙa ko adda a goge ta da sifirit, ko bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, kafin a taɓa wata bishiyar, a kuma kakkaɓe laka daga takalmi kafin a bar wurin. In ba haka ba, mai neman cuta shi zai zama mai raba ta.

Wuraren rainon dashe su ma a sa su cikin zagayen, domin cutar da ta shiga leda ɗaya tana iya hawa mota ta zaga ƙananan hukumomin Gombe 11. Tsiron da ya siraɗe a wuya ya faɗi yawan ban ruwa ne da cunkoso. A zaro biyar cikin kowace ɗari a fasa ledar: saiwa fara mai ƙarfi ake so, ba baƙa mai saɓulewa ba, ba kuma wadda ta nannaɗe kamar gammo don ta daɗe a leda ba. Irin wannan takan yi shekara biyu ko uku a fili sannan ta shaƙe kanta, a ɗora wa cuta laifin.

Malam Edita, abin da ke kashe irin wannan shiri ba rashin masu sa-kai ba ne, shiru ne. Mutum ya taka rabin kilomita a rana, ya ƙona datarsa, ya turo rahoto, ba ko madalla. Sau biyu zai yi ya daina, kuma yana da gaskiya. Dole a sami mutum guda a kowace ƙaramar hukuma da zai amsa cikin mako biyu, ko da amsar ita ce gawo ne, lafiyarsa ƙalau. Kada a yi alƙawarin alawus ɗin da ba zai ɗore ba, kada kuma a biya bisa yawan marasa lafiyar da aka kawo, domin za a kawo su ko babu. Kuɗin data da fenti da tef ya wadatar, sai a riƙa karanta sakamako a rediyo da fadar hakimi duk bayan ziyara. Akwai kuma tsoro: makiyayi ko mai itace ba zai faɗi abin da ya gani ba in yana jin rahoton zai koma tara a kansa. A raba aikin lafiyar bishiya da aikin kamu, a faɗa a fili tun ranar farko. Kowa ya shiga da sanin mai unguwa, Ardo ko Sarkin Baka, mutum biyu-biyu, a bar duk inda tsaro bai inganta ba, gandun da ke da masu gadi irin Yankari kuma sai da izininsu.

Masu duba rahoton muna da su a kusa: Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, Jami'ar Jihar Gombe, Jami'ar Tarayya ta Kashere, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Abin da ya fi ƙarfinsu ya wuce Cibiyar Binciken Dazuzzuka ta Najeriya a Ibadan, in baƙon ƙwaro ne kuma a sanar da hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa. Muna roƙon ma'aikatun muhalli na Gombe da Bauchi su fara da kaɗan: mutum 30 a kewayen Kanawa da wani yanki na Wawa-Zange, bishiyoyi 600 ke nan. Horon kwana biyu a cikin daji, ba a ɗakin taro ba, a ƙare da tsayar da kowa gaban bishiyoyi goma ya ba su maki a asirce, a gwama, a yi ta maimaitawa har bambancin ya daina wuce maki ɗaya. In aka yi horon a watan Mayu, lambobin fenti za su bushe kafin ziyarar Yuni.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin gandun daji da malaman gona,
Gombe.